Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙungiyar Gidajen Namun Daji Da Halittun Ruwa Ta Duniya

Zuwa ga shugabanni da mambobin ƙungiyar WAZA,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan orka da dolfin da beluga, manyan dabbobin tekun nan masu shaƙar iska da shayar da 'ya'yansu nono, waɗanda har yau ake tsare da su a tafkunan siminti domin mutane su biya kuɗi su yi kallo. Na zaɓi in fuskance ku ne saboda ku ne inuwar da ɗaruruwan gidajen zu da gidajen nuna halittun ruwa suke fakewa a ƙarƙashinta, kuma tarihi ya nuna cewa idan kuka yi magana ana ji. A watan Afrilu na 2015 kun dakatar da reshen Japan saboda mambobinsa suna sayen dolfin daga farautar garin Taiji, inda ake kora su cikin wani lungun teku, a zaɓi na sayarwa, a yanka da yawa daga cikin sauran. Kafin watan Mayu ya ƙare, reshen ya kaɗa ƙuri'ar daina sayen. Wanda ya iya wannan, ba zai ce ba shi da ta cewa a kan abin da ya rage ba.

Zan kawo tarihin mutanen da aka tsare a cikin wannan magana, saboda haka wajibi ne in fara da kafa iyaka. Ɗan Adam ba dabba ba ne, kuma Allah ya karrama shi da karamcin da bai bai wa wata halitta ba. A shekarar 2011 wata ƙungiyar kare dabbobi ta shigar da ƙara a birnin San Diego na Amurka da sunan orka biyar, tana neman kotu ta ɗauke su a matsayin bayi a ƙarƙashin gyara na 13 na tsarin mulkin ƙasar, wanda ya haramta bauta. Alƙali ya kori ƙarar a watan Fabrairu na 2012, kuma a ganina ya yi daidai, domin wannan gyara da jinin mutane aka rubuta shi, kuma jikokin bayi suna da haƙƙin su ji ciwo idan aka jera kakanninsu da dabbobi a sahu ɗaya. Jera su da dabbobi ai shi ne ainihin zaluncin da aka yi musu tun farko. Abin da nake kwatantawa shi ne hali da hujjojin mai tsarewa, domin su ne ba su sauya ba. Kunnen da ya san irin uzurin da aka bayar lokacin da aka ɗaure mutane yana gane shi idan ya sake jin sa a bakin tafki.

Sana'arku kuwa tana da alaƙa ta kai tsaye da wannan tarihi. Carl Hagenbeck na birnin Hambug, wanda ake yi wa kallon uban gidan zu na zamani saboda shi ne ya yayata ajiye dabbobi a fili mai kewaye da rami maimakon keji, shi ne kuma ya yi fice wajen baje kolin mutane tun daga tsakiyar shekarun 1870. A 1880 aka kawo masa mutum takwas 'yan ƙabilar Inuwit daga yankin Labrado na Kanada ta yau, maza da mata da yara, aka riƙa yawo da su gidajen zu na Turai. Ba a yi musu rigakafin cutar agana a kan lokaci ba, kuma kafin ƙarshen watan Janairu na 1881 dukkansu sun rasu. Ɗaya daga cikinsu, Abraham Ulrikab, ya bar rubutu da harshensu, inda ya bayyana kewar gida da gajiya da cunkoson 'yan kallo. A 1897 Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya sa aka kawo 'yan Kwango 267 aka zaunar da su a ƙauyukan kallo a Tervuren, bakwai suka mutu a can. Har a bajekolin duniya na Brussels na 1958, shekaru goma bayan sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam, an kafa ƙauyen 'yan Kwango a bayan shinge.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ota Benga. Saurayi ne daga dazukan Kwango wanda aka kai Amurka aka nuna shi a bajekolin St. Louis a 1904, sannan a watan Satumba na 1906 aka saka shi a ɗakin birai na gidan zu na Bronx a New York, tare da wani biri, aka kafa allo mai ɗauke da shekarunsa da tsawonsa da nauyinsa kamar yadda ake yi wa kowace dabba. Dubban mutane suka yi ta tururuwa. Limaman coci baƙaƙen fata ne suka tashi tsaye har aka fitar da shi, amma bai sake ganin gida ba, kuma a watan Maris na 1916 ya harbe kansa a garin Lynchburg na jihar Bajiniya. Hukumar da ke kula da gidan zu ɗin ba ta nemi gafara a fili ba sai a 2020, bayan shekara 114. Kafin shi an yi Sarah Baartman, 'yar ƙabilar Khoikhoi, wadda aka kai Landan a 1810 ana nuna jikinta, ta rasu a Faris a 1815, aka ci gaba da nuna sassan gawarta a gidan tarihi har cikin shekarun 1970, ba a mayar da ita Afirka ta Kudu aka binne ta ba sai a 2002. Waɗanda suka yi waɗannan abubuwa ba su ɗauki kansu a matsayin mugaye ba. Da sunan ilimi suka yi, da sunan wayar da kan jama'a, kuma manyan masana na zamaninsu sun sa musu albarka.

Idan aka koma baya kaɗan zuwa jiragen bayi, za a ga yadda tsarewa take zama sana'a mai ƙa'idoji. Kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda daga gaɓar Afirka zuwa nahiyar Amurka, kuma kusan miliyan biyu daga cikinsu ba su isa da rai ba, ban da waɗanda aka kora ta hamadar Sahara da tekun Indiya, cinikin da hannun 'yan Afirka da Larabawa yake ciki dumu-dumu. Zanen jirgin Brookes da masu yaƙi da bauta suka wallafa a 1788 ya nuna mutum 454 a jere kamar kaya, kuma wannan shi ne adadin da sabuwar doka ta yarda da shi, domin a baya jirgin ya taɓa ɗaukar fiye da 600. Masu jiragen sun lura cewa wanda aka raba da danginsa yakan ƙi cin abinci ya zauna jugum har ya mutu, sai suka tanadi wani ƙarfe na buɗe baki da ƙarfi domin ɗura abinci. Sun lura mutane suna faɗawa teku, sai suka kewaye jirgi da raga. Sun lura jiki yana sanƙarewa a cikin mari, sai suka riƙa fito da su saman jirgi suna tilasta musu rawa da bulala, kuma wasu daga cikin masu kare cinikin suka je gaban majalisar Ingila suka kafa hujja da wannan rawa cewa bayin suna cikin nishaɗi. Olaudah Equiano, wanda ya wallafa labarin rayuwarsa a 1789, ya ba da labarin yadda aka yi masa bulala saboda ya ƙi cin abinci a cikin jirgi. A 1851 wani likita a Louisiana mai suna Samuel Cartwright ya rubuta cewa gudun bawa daga ubangidansa wata cuta ce ta ƙwaƙwalwa. A kowane mataki, an ga alamar ƙunci ƙarara, aka yi wa alamar magani, aka bar ɗaurin da ya haifar da ita.

Yanzu ku dubi dabbar da kuka fi ni sani. Orka a teku tana iya yin tafiyar fiye da kilomita 100 a yini ɗaya, tana nutso ɗaruruwan mitoci, kuma da sauti take gane duniyarta: tana aika ƙara, ƙarar ta bugi abu ta dawo mata da siffarsa. A cikin garkunan da ke zaune a gaɓar arewa maso yammacin Amurka da Kanada, ɗa namiji yana tare da uwarsa har ƙarshen rayuwarta, ko da ya girma ya fi ta jiki. Kowane dangi yana da irin kukansa da 'ya'ya suke koya daga manya, tsofaffin mata suna daina haihuwa su rayu shekaru masu yawa bayan haka suna jagorantar garke zuwa inda abinci yake, kuma mace tana iya kai wa shekara 80. A 2018 duniya ta ga wata orka da ake kira Tahlequah ta ɗauki gawar jaririnta a kanta har kwana 17, ta yi tafiyar kimanin kilomita 1,600 ba ta yarda ya nutse ba. Dolfin kuma kowanne yana da fito na kansa da 'yan uwansa suke gane shi da shi, kuma binciken da aka wallafa a 2001 ya nuna yana gane kansa a madubi. Wasu daga cikin waɗannan bayanai a tafkunan mambobinku aka gano su, saboda haka ba za a ce ba a sani ba.

A watan Agusta na 1970, a mashigin Penn Cove na jihar Washington, masu kamu suka yi amfani da jiragen ruwa da jirgin sama da abubuwan fashewa suka tara orka kimanin 80 a cikin raga. Ƙanana suke nema, domin su ne masu sauƙin ɗauka da horarwa, saboda haka aka raba 'ya'ya da iyaye ana ji ana gani, aka tafi da bakwai. Wasu suka mutu a cikin ragar, sai aka farke cikinsu aka cusa duwatsu aka nutsar da su domin kada a sani, amma daga baya gawarwakin suka fito. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin ita ce Tokitae, wadda aka sauya wa suna zuwa Lolita, aka kai ta Miami. Ta shekara 53 a cikin tafkin da tsawonsa bai wuce mita 24 ba, faɗinsa mita 11, zurfinsa mita shida, alhali tsawon jikinta ya kai kusan mita shida. Abokin zamanta, Hugo, ya riƙa buga kansa a bango har ya mutu a 1980, kuma daga nan ba ta sake ganin wata orka ba. Al'ummar Lummi, 'yan asalin yankin da aka kama ta, waɗanda suke ɗaukar waɗannan dabbobi a matsayin dangi, sun yi shekaru suna neman a dawo da ita ruwan da aka haife ta. An amince a ƙarshe a watan Maris na 2023, ana cikin shiri ta mutu a watan Agusta na shekarar. Garken da aka ɗebo ta daga ciki bai farfaɗo daga kamun shekarun 1960 da 1970 ba, an saka shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 2005, kuma yau adadinsa bai kai 80 ba.

Wani orka namiji mai suna Tilikum kuma an kama shi a tekun Iceland a 1983 yana ɗan kimanin shekara biyu. A gidan farko da aka kai shi a Kanada, a wani ƙaramin ɗaki na ƙarfe ake kulle shi da dare tare da manyan mata biyu da suke cizonsa. Daga baya ya shiga cikin mutuwar mutum uku, ta ƙarshe ita ce mai horarwa Dawn Brancheau a Orlando a 2010, kuma ran kowane ɗayansu abin baƙin ciki ne da bai kamata a yi wasa da shi ba. Sai dai ya kamata a tuna cewa ba a taɓa samun tabbataccen labarin orka ta kashe mutum a cikin teku ba. Wata orka mai suna Kiska, wadda ta mutu a Kanada a 2023, ta haifi 'ya'ya biyar duk suka mutu da ƙuruciya, ta yi fiye da shekara goma ita kaɗai tana zagaya tafki. Likitocinku sun san haƙoran da suka cinye saboda gurgurar siminti da ƙarfe har sai an huda su ana wanke su kullum, sun san filafilin bayan kusan kowane babban namiji da yake lanƙwashewa, sun san magungunan gyambon ciki da na kwantar da hankali da ake sakawa a cikin kifin abinci.

Ga amsoshin da aka saba bayarwa. Ana cewa suna samun abinci a kan lokaci da likita da kariya daga haɗarin teku, kuma wannan shi ne kusan kalma da kalma abin da masu gonakin bayi suka faɗa, cewa bawansu ya fi talaka mai 'yanci cin abinci. Ana cewa ku dubi yadda suke tsalle da wasa, alhali kowa ya san tsallen da kifin lada ake sayensa. Ana cewa yara suna koyon ilimi, amma yaron da ya ga orka tana kaɗa jela da kiɗa bai ga farauta ba, bai ga dangi ba, bai ga tafiya ba, abin da ya koya shi ne cewa halal ne a ɗauke halitta daga gidanta idan akwai masu sayen tikiti. Ana cewa ana kare jinsi daga ƙarewa, alhali dolfin mai dogon baki da ya cika tafkunan duniya ba ya cikin haɗarin ƙarewa, kuma ba a haifar orka a tafki domin a mayar da ita teku. Kasuwar kuma tana nan da ranta: a 2018 aka gano orka 11 da beluga kusan 90 cunkushe a wasu kejina a gaɓar gabashin Rasha kusa da Nakhodka, ana shirin sayar da su, kuma sai da duniya ta yi caa aka sake su a 2019.

A addinin da na tashi a cikinsa wannan magana ba baƙuwa ba ce. Alƙur'ani ya ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. A wata tafiya kuma, da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Duk lokacin da na karanta labarin Penn Cove, da yadda iyayen suka ƙi barin bakin ragar suna kuka, wannan umarni nake tunawa.

Ban manta da alherinku ba. Akwai gidaje a cikinku da suke ceto dabbobin da igiyar ruwa ta watso gaɓa, su yi jinyarsu su mayar da su, kuma yawancin masu horarwa suna ƙaunar dabbobin da ke hannunsu ƙauna ta gaskiya. Na kuma yarda cewa ba a buɗe ƙofa kawai a ce kowa ya kama gabansa. Orkan nan mai suna Keiko, wanda aka kama a 1979, aka ajiye a birnin Meziko, aka mayar da shi tekun Iceland a 1998, bai taɓa shiga cikin wani garke sosai ba, ya riƙa neman mutane har ya mutu a Norway a 2003, kuma ana yawan kafa hujja da shi. Amma ya yi shekara biyar a ruwan teku, ya ratsa daga Iceland zuwa Norway da ƙarfinsa. A Koriya ta Kudu kuwa, dolfin da aka kama ba bisa ƙa'ida ba aka sake su a tsibirin Jeju a 2013 sun koma cikin garkensu, har aka ga wasu matan da 'ya'ya daga baya. Waɗanda aka haifa a tafki, waɗanda ba su san farauta ba, hanyarsu ita ce mafaka a cikin teku, wato a killace wani faffaɗan lungu da raga a ci gaba da ciyar da su ba tare da wasa ba. An fara gwada haka a Iceland da beluga biyu da aka ɗauko daga Shanghai a 2019, kuma aikin ya gamu da matsaloli masu yawa. Ɗaurin talala ne, na sani, amma akwai igiyar ruwa da zurfi da kifi mai rai.

Abin da nake roƙonku shi ne ku mayar da daina kamu daga teku sharaɗin zama mamba ba tare da wata kafa ba, ku kuma tsayar da ranar da za a daina haifar orka da dolfin da beluga a tafki, domin duk jaririn da aka haifa yau an yanke masa zaman shekara talatin ko fiye. Wannan ba baƙon abu ba ne, tunda Indiya ta hana gidajen wasan dolfin a 2013, kamfanin SeaWorld mai gidajen wasan orka a Amurka da kansa ya daina haifar orka a 2016, Kanada ta kafa doka a 2019, Faransa ta bi baya a 2021. Ina kuma roƙon ku wajabta wa kowane mamba ya riƙa wallafa bayanan haihuwa da mutuwa da sauya wa dabba gida, tare da dalilin kowace mutuwa, yadda kowa zai iya dubawa.

Roƙo na ƙarshe shi ne na kuɗi, kuma shi ne ya fi gaggawa. Lokacin da Birtaniya ta soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayi diyya, waɗanda aka bautar kuwa ba su samu ko sisi ba, aka ma tilasta musu ƙarin shekaru na aiki. Kada rufe gidajen wasa ya zama irin wannan, a sallami mai gida a manta da wanda ke cikin tafki. Gidan Marineland na Antibes a Faransa ya rufe a watan Janairu na 2025, aka bar orka biyu, Wikie da ɗanta Keijo, suka yi watanni a tafkunan da suke lalacewa ana jayayya a kan inda za a kai su, domin doka ta zo babu mafakar da aka gina. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kafa asusu daga kuɗin tikitin da waɗannan dabbobi suke jawowa, a fara gina mafaka tun yanzu, a horar da ma'aikatan da suke kula da su domin su bi su can, kuma ku sanar da jama'a nawa kowane mamba ya zuba da kuma shekarar da ake sa ran kammala ta farko.

Ina sauraron amsarku a fili, kamar yadda na rubuto muku a fili.

Wassalam,
Wani mai bibiyar tarihi da halin da dabbobin teku suke ciki